Saurayin Da Ke Rufe Boda Da Safe, Ya Buɗe Ta Da Yamma

Matso nan kusa, 'yar uwa, ja tabarmar ki zauna. Kai ma ɗan uwa, in kana laɓe kana ji, shigo kawai, ai zancen ya riga ya zagaye gari. Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, don matan Illo sun ɗauki alkawarin ba za su bari in manta ba. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji zama ya gagare ni, in miƙe in hau sharar tsakar gidan da na riga na share.

Ni dai mace ce ta gida. Masa nake toyawa a nan Bagudo, a cikin gidana, masu saye su aiko ta ƙofar zaure. Fita ba ta dame ni ba, sai in yi wata da watanni ban ga bakin kasuwa ba. Boko kuma ban gama firamare ba, amma ina karanta Hausa a hankali, yatsa a kan layi. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. In mutum ya yi magana a gabana sau ɗaya, na riƙe yadda yake jan ta, da inda yake tsayawa ya ja numfashi, da kalmar da ba ya iya rabuwa da ita. Ko a rubuce ne, in na karanta sai in ji muryar mai shi a cikin kaina. Da ƙanena ya ba ni tsohuwar babbar wayarsa, sai kunnen nan nawa ya samu gonar da ba ta da iyaka.

Kin san mu nan bakin boda siyasarmu ta tukunya ce. In an rufe hanya, mai shinkafar fadama ya yi murmushi, mai fatauci ya kwana yana tsaki. In an buɗe, su yi musanyar fuska. Man fetur ya tashi, kowane ɗan kabu-kabu mai haya da babur ya zama malamin tattalin arziki. Sefa, kuɗin ƙetare, ta taka naira, wadda ke da miji a ƙetare ta fara tafiya tana yanga. Kuma duk wannan a waya ake zuba shi, kowa da shafinsa, kowa da ra'ayinsa.

To sai na ƙirƙiro wani wasa. Matan unguwa suka raɗa masa suna duban waya (Allah ya yafe mana, ba duba ba ne na gaske, ba ƙasa ba wuri). Mace za ta kawo mini shafin wani, ƙaninta ko saurayin ƙanwarta ko ma mijinta, in karanta abin da yake ɗorawa, in faɗa mata halinsa. In na ga mai ɗora hoton buhu yana rubuta "mu ci namu", sai in ce ki bincika, ko yana da fadama ko surukinsa yana da injin casa. Mai zagin taransifa yana cewa kuɗi sai a hannu, wannan zai leƙa tukunya ya ga yawan nama, amma ba zai bar ki da yunwa ba. Wanda kuwa duk ɗan takarar da ya shigo gari sai ya ɗora hotonsa ya ce "ga mai ceton talaka", to ranar suna zai yi miki alkawarin rago, ki wayi gari ki ga ɗan akuya yana kallonki. Mata su yi ta dariya suna dafa juna, suna cewa wallahi haka yake. (Yanzu da na natsu na gane rabin abin su suke faɗa mini da fuskarsu, ni kuma ina maimaita musu. Amma a lokacin, wa zai gaya mini? Kaina ya riga ya fi murfin tanda girma.)

Ana nan sai ɗiyata ta yi saurayi.

Sunanta ba za ki ji daga bakina ba, ɗiyar fari ce. Mu a gidanmu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Goggonta ce ta yaye ta, kuma maganar aurenta tana hannun yayan maigidana, Yaya Umaru. Ni nawa in yi kamar ban san ana yi ba. Ranar da gwaggonnin yaron suka zo gaisuwa, ina ɗaka na ja labule, ko fuskar ɗaya ban gani ba. Amma labule ba ya toshe kunne. Ta bayansa na ji sunan yaron Sanusi, yana gyaran babura a Illo, kuma an ce musu su je, za a yi bincike, za a aika da amsa.

Bincike! Ni da nake yi wa 'ya'yan wasu kyauta?

Da hankali ne, da na ɗauki waya na kira Asabe, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Illo, in ce ke, wane ne wannan yaro? Amma uwa ta tambayi labarin saurayin ɗiyar fari? Sai a ce kunya ta ƙare a duniya. Ita yarinyar kuwa ko kallon ido da ido ba mu cika yi ba, balle in ce zo ki ba ni labarinsa. Sai na ga ai waya ba ta da ido. Ba wanda zai san na leƙa.

Ban sha wahala ba na same shi. Ga sunansa, ga garinsu, ga hotonsa ya jingina da babur riƙe da sifana, yaro mai kyan gani, ba laifi. Na gyara zama, na sa yatsa a kan layi.

Abin da na fara karantawa da safe aka ɗora shi: "Kada a kuskura a buɗe wa shinkafar waje ƙofa. Ƙasar da ba ta ci daga gonarta ba, kullum hannunta a miƙe yake. A ƙara tsaurara boda. Na faɗa, kuma ban janye ba."

Na ce to, ɗan a-rufe ne. Mai taurin kai, amma irinsu suna riƙe gida. Na gangara ƙasa kaɗan. Ranar nan dai, amma da yamma:

"Masu cewa a rufe, su shiga kasuwa su tambayi kuɗin manja da gishiri tukuna. Mu da mutanen ƙetare nono ɗaya muka sha, kakanninmu kwalekwale ɗaya suka shiga. A bar talaka ya nemi abincinsa. Mai jin haushi ya sha ruwan randa."

Na murza ido. Na koma sama, na sake dawowa. Shafi ɗaya, hoto ɗaya, suna ɗaya.

'Yar uwa, haka na yi ta bi, kullum abin haka yake. Da safe kuɗi sai a hannu, a ɗaure a lalita. Da yamma wa zai yi yawo da damin takarda, taransifa ita ce rufin asiri. Da safe tsadar man fetur magani ne mai ɗaci, a daure a sha. Da yamma wanda ya ce a daure ya zo ya biya wa mata kuɗin babur zuwa kasuwa. Da safe ƙuri'a amana ce, ko allura kada ka karɓa; da yamma duk wanda ya kawo atamfa da sabulu a karɓa, ai haƙƙinmu ne ya dawo gida, ranar zaɓe kuma kowa da zuciyarsa. Har akwai ranar da na safe ya rubuta "wasu ba su san komai ba sai riba", na yamma ya amsa "wasu kuma ba su san komai ba sai taki". Mutum yana yi wa kansa habaici!

Barci ya ƙaurace mini, zama ya gagara. Ina toya masa da hannu ɗaya, waya a ɗaya. Sau nawa masa ta ƙone ina jiran in ga abin da na yamma zai ce, ban sani ba. In yarinyar ta gifta da tulu sai in bi ta da kallo. Wannan ne zai riƙe ta? Yau ya ce yana so, gobe da la'asar ya ce wa ya faɗa?

Ƙarshe dai na kasa daurewa. Na kai wa maigidan abinci, na tsaya ina gyara murfin kwano da ba ya buƙatar gyara.

Ya ce, "Mi ne ne? Tsayuwar nan taki da magana."

Na ce, "Ba komai. Maganar mutanen Illo ce. Da dai Yaya Umaru ya ɗan dakata da amsar."

"Yaya ya aika an tambaya. Yaro yana salla, yana sana'a, ba ya shaye-shaye. Mi kika ji?"

"Ban ji ba, na gani. Yaron baki biyu gare shi."

Maigidana mutum ne da ba ya raina maganata, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ci mini rai daga baya. Ya ce to, zai gaya wa Yaya a ɗan jinkirta. Aka jinkirta. Mutanen Illo suka aiko, aka ce su ƙara haƙuri. Suka sake aikowa, aka sake ba su haƙuri. Yarinyar ta rage cin abinci. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba, ina gaya wa zuciyata ai don ita nake yi.

Sai ga saƙon suna daga gidan Asabe, surukarta ta haihu. Ni da ba ni zuwa ko'ina, na ce zan je. Maigidan har ya ajiye buta ya dube ni. Na ce zumunci ne. (Zumunci ne, amma da kunnena na shirya tafiya, ba da ƙafata ba.)

Tafiyar kaɗai ta isa hukunci. Mota ta kai mu wani wuri, daga nan babur, ni da ƙullin masa da kwanon barka, mayafi yana neman tashi ya bar ni. Bayan mun ƙetare gulbi hanya ta zama abin da ta zama, ɗan kabu-kabun kuma bai fasa yi mini lacca kan kuɗin mai ba har muka isa. A raina na ce ɗan a-buɗe ne, kuma ba ya ajiye sisi. Kin ji, ko a kan babur ban daina ba.

Gidan suna ya cika maƙil. Hausa a nan, Dandanci a can, wasu Fulani mata a gindin bishiya da nasu yaren, ga baƙi 'yan uwa da suka zo daga ƙetare. Asabe ta rungume ni, ta ce "Yau ruwa zai sauka, kin fito!" sannan aka kira ta wajen tukwane, ban ƙara ganinta da kyau ba. Ina neman wurin zama sai wata dattijuwa ta matsa mini a kan tabarmarta. Doguwa ce, fara, da haƙorin Makka, da zane mai tsada irin na ƙetare.

Ta yi mini sannu da Dandanci, ta ce, "Fofo, baƙuwar Bagudo. Zo nan kusa da ni, can rana za ta same ki."

Na ji ana ce mata Hajiya Kulu. Ta sa aka kawo mini fura mai sanyi, ta tsamo mini tsoka daga nata kwanon, ta tambayi hanya, ta tambayi yara, ta tambayi cinikin masa ko yana tafiya. Ban tsaya na ce ina ta san ina toya masa ba. Abin da na lura da shi kawai, maganarta tana yi mini kama da wata da na sani. Tana yanke zance gajere, ta cije ƙarshensa. Na yi ta tunanin ko wata 'yar uwar mahaifiyata ce ke magana haka. Kunnena yana ƙwanƙwasa mini ƙofa, ni kuma ina shan fura.

Ana cikin hira wata matashiya da ta taɓa zama a unguwarmu ta hango ni. Ta ɗaga murya: "La! Ga mai duban waya! Wallahi ku sa ta yi muku, sai cikinku ya yi ciwo."

Da na ce na gaji da hanya, da yanzu ba ni da labarin ba ki. Amma mata suka matso, aka miƙo wayoyi. Na yi wa ƙanin wata, aka yi dariya. Na yi wa mijin wata, ta ce kamar a gidan nake kwana. Jikina ya yi ɗumi. Sai wata dabara ta zo mini: ga ni a Illo, ga matan gari a gabana, bari in jefa zancen yaron ba tare da suna ba, in ji abin da zai fito.

Na ce, "Ku bar waɗannan, duk masu sauƙi ne. Akwai wani yaro a garin nan naku da ya gagare ni. Wata maƙwabciyata ce yake neman ɗiyarta, ta ce in duba mata."

Hajiya Kulu ta ce, "Allah sarki. Maƙwabciya."

Na ce, "Wallahi, Hajiya. Yaron nan da safe shi ke rufe boda, da yamma shi ke buɗe ta."

Matan suka dubi juna. Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Na ɗauka sun ƙagu ne su ji.

Na miƙe tsaye (ki ji fa, tsaye, a gidan mutane). Na ɗaure fuska, na kumbura murya, na ɗaga yatsa sama: "A ƙara tsaurara boda! Na faɗa, kuma ban janye ba!" Mata suka fashe. Wata ta kwanta a jikin 'yar uwarta. Sai na juya, na riƙe ƙugu, na karkace baki: "Masu cewa a rufe, su shiga kasuwa su tambayi kuɗin manja!" Nan kuwa har masu tuƙa tuwo suka bar muciya suka taho. Ban taɓa samun dariya irin wannan ba. Wasu hawaye suke yi. Abin da ban lura ba, ba ni suke kallo ba, gefena suke kallo.

Wata ta ce cikin shaƙewa, "To mi dubanki ya nuna?"

Na ce, "Ku saurara. Ni kunnena ba ya yi mini ƙarya. Da safe yaron nan yana magana kamar tsohon da bai taɓa sayen gishiri da kuɗinsa ba, yana zaune ana kawo masa tuwo yana gyara ƙasa. Da yamma kuma sai ka rantse wata tsohuwar 'yar fasa-ƙwauri ce mai bakin tsiya, wadda ko buhu aka sa ta aka ɗinke sai ta yi ciniki da mai ɗinkin. Mutum ɗaya, tsofaffi biyu a cikinsa! Wa zai ba irin wannan ɗiya? Ni dai na ce wa maƙwabciyar tawa a dakata."

Wannan karon dariyar ba ta fito duka ba. Ni kuwa, maimakon in zauna, sai na ga kamar sun huce ne, bari in ƙara musu wuta. Na sake riƙe ƙugu: "Su tambayi kuɗin manja tukuna! Mu da mutanen ƙetare..."

"Kin tsallake wuri."

Hajiya Kulu ce. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana motsa furar da ke gabanta da ludayi.

"Ba manja kaɗai na ce ba. Manja da gishiri na ce. In za ki yi ni, ki yi ni daidai." Ta ɗago, ta dubi matan, ta cije ƙarshen zancen yadda na yi ta ji a kaina kwana da kwanaki: "Mai jin haushi ya sha ruwan randa."

'Yar uwa, sai a nan na gane muryar. Ina tsaye hannuna a ƙugu, na manta yadda ake sauke shi. Gidan ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har jaririn ya farka. Wata daga cikin baƙin ƙetare tana tambaya da Dandanci mi ya faru, ana fassara mata, ita ma ta kwashe. Asabe ta fito da gudu da ludayin miya a hannu, ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta ce "Innalillahi," ta koma.

Hajiya ta ja zanena. "Zauna, kar ki faɗi. Ga tsohuwar 'yar fasa-ƙwauri tana zuba miki fura."

Na zauna. A nan ta warware mini, a gaban kowa, a natse, kamar tana ba da labarin wasu. Wayar ta Sanusi ce a da. Da ya sayi sabuwa sai ya bar wa iyayensa tsohuwar da duk abin da ke cikinta, shafi da hoto da suna. Shi ko rubutu ba ya yi a waya, hannunsa kullum cikin baƙin mai. Ubansa, Malam Bawa, manomin shinkafa ne, shi ke riƙe wayar da safe kafin ya tafi fadama. In ya fita ya bar ta a caji, da yamma ta dawo hannun Hajiya, wadda tun tana budurwa take fatauci tsakanin nan da ƙetare.

Ta ce, "Tun da anka kawo ni gidan Malam ban taɓa ja da shi baki da baki ba. Shi babba ne, in ya yi magana sai in ce to. Amma da wayar ga ta zo, na ga ai ba fuskarsa nike kallo ba. Shi ya rubuta nasa, in rubuta nawa. Da dare mu ci tuwo, ba wanda ke tada zancen. Duk garin ga an sani, har jira ake yi."

Ashe Illo kaf nishaɗinsu ke nan. Ni kaɗai ce, mai kunne, na zo daga Bagudo a kan babur in ba su labarin abin da suke karantawa kullum.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Murmushin ya ɗan ja baya.

"Maƙwabciyar nan taki, ita ma masa take toyawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun da kika shigo anka nuna mini ke. Shi ya sa na matsa miki. Na ce bari in ga uwar yarinyar da ɗana ya daina cin abinci saboda ita. Mun yi ta aike ana ce mana a yi haƙuri, Malam har ya fara cewa ko an raina mu ne don ba mu da wani a birni. Ashe duba anka yi muna." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ki gaida maƙwabciya. Ki ce mata mu ma za mu koma gida mu yi namu duban."

Hanyar dawowa ban ji ramuka ba. Kafin in iso gida labarin ya riga ni, ya kuma ƙetare boda ba tare da ya nuna wa kowa takarda ba. Maigidan yana zaune a zaure. Ya ce, "Ke da ba ki fita. Sau ɗaya kika fita, har wata ƙasa an ji." Bai ƙara ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar ba ta ce mini komai ba, ai ba ta iyawa. Da safe tana watsa wa kaji dawa, ina bakin tanda, sai na ji ta ce da wata kaza mai zanen toka, a hankali: "Ke ma da kin tambaya, da an gaya miki." Kazar ta ci gaba da tsattsaga. Ni na ji.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Shafin ya yi shiru. Ba na safe, ba na yamma. In duba kafin in ɗora tanda, in duba bayan na sauke, in fita zaure wai ko a can sabis ya fi, in dawo. Mutanen da ba su taɓa fashin faɗa ba sun haɗa kai sun yi shiru, kuma na san a kan wa. In suka janye, ni ce. Ba Yaya Umaru ba, ba yaron ba, ni da ƙuguna da na riƙe.

Ranar da na kasa jurewa na aje kunyar gefe, na je na durƙusa wa maigidan, na faɗi sunan zancen ƙarara: a je Illo, a ba su haƙuri, a ba su amsa in har suna so. Shi da Yaya Umaru suka shirya. Ni kuma abin da na iya shi na yi. Na jiƙa shinkafa, na toya masa wadda ban taɓa toya irinta ba, na cika babban kwano na ce a kai. Suka dawo suka ce an karɓe su da mutunci, an karɓi kwano, amma Malam Bawa ya ce za su yi shawara.

Washegari da safe na duba. Ga hoton kwanona. A ƙasa an rubuta:

"Wannan masa da shinkafar fadama aka yi ta, na gane ta da ɗanɗano. Masu cewa tamu ba ta yi, ga shaida. Kuma matar da ta toya ta ta san mai bakin tsiya in ta ji ta. Na faɗa, kuma ban janye ba."

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Amma rabi ne. Na wuni ina zagaye gida, na wanke abin da ke wanke, na share abin da ke share. La'asar ta yi, ta wuce. Sai ga shi:

"Man da aka toya masar da shi daga ƙetare ya zo, ku tambaye ta in ƙarya nake. Maganar tsohon da bai taɓa sayen gishiri ba kuwa, tun da nake ba a taɓa faɗa mini gaskiya mai daɗi irinta ba. A zo a sa rana. Mai jin haushi ya sha ruwan randa."

Kuma wallahi dukansu sun yi gaskiya. Shinkafar ta fadama ce, man na ƙetare ne. Shekara da shekaru ina toya ra'ayin mutum biyu a tanda ɗaya ban sani ba.

An yi biki lafiya. Yaron kuwa, da na zo na san shi, ba ɗan a-rufe ba ne, ba ɗan a-buɗe ba. In aka tada zancen sai ya ce shi dai ko an rufe ko an buɗe babur zai lalace. Duban waya na daina, ko in ce na rage. Yanzu in an kawo mini shafi, tambayar farko da nake yi ita ce, wa ke riƙe wayar, kuma da wane lokaci? Na kuma gane cewa kunyar da ta hana ni yin tambaya ɗaya a ɗaka ita ce ta kai ni na yi rawa a gaban gari guda.

Sai dai hukuncina bai ƙare ba. Tun da kowannensu ya ɗauka ina bayansa, sun mai da ni alƙali. Da safe waya ta yi ƙara, Malam Bawa ne: "Surukata mai kunne, kin ga abin da na ɗora? Gaya mata gaskiya." Da yamma ta sake ƙara, Hajiya ce: "Kin ga abin da tsohon ga ya rubuta? To mi kika ce?" Kullum sai in ce masata tana ƙonewa, in kashe. Jiya Hajiya ta ce ta gane wayon, Malam ma ya ce ya gane, kuma ranar sunan jikanmu da ke tafe, a can Illo dai, a gaban matan nan dai, sai na faɗi matsayina.

To ke da kika zauna kika ji duka, ɗiyarki tana cikin gidan, shinkafar daga hannun uban miji, man daga hannun uwar miji: in ke ce ni, a rufe za ki ce, ko a buɗe?